Sai An Gwada Akan San Na Ƙwarai: Tarihin Jarrabawar Zaɓen Matuƙan Jirgin Sama



Duk wanda ya taɓa shiga jirgin sama ya san lokacin nan da ake rufe ƙofa a ce kowa ya ɗaura bel. Daga wannan lokaci, rayukan mutum ɗari ko ɗari uku suna hannun mutum biyu da ke zaune can gaba, waɗanda fasinja bai san asalinsu ba, sau da yawa ko fuskarsu bai gani ba. To wa ya zaɓe su, kuma da wane ma'auni? A yau kamfanonin jiragen sama da dama ba sa ɗaukar matuƙi sai sun zaunar da shi gaban kwamfuta na tsawon sa'o'i, tana auna saurin tunaninsa, da ƙarfin riƙonsa, da yadda idonsa da hannunsa da ƙafarsa ke aiki tare. Wannan jarrabawa ta haura shekara 100 ana gyara ta, kuma a cikin tarihinta akwai darasi ga duk iyayen da ɗansu ko 'yarsu ke burin wannan aiki.

ZAMANIN "KA IYA HAWA DOKI?"

A ranar 17 ga Disamba 1903 ne wasu 'yan uwa biyu, Orville da Wilbur Wright, suka tashi jirgin farko mai inji a Amurka. Tashin farko daƙiƙa 12 ya yi. Shekara 11 bayan haka Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, ƙasashen Turai suka shiga neman matuƙa ido rufe.

A Ingila, hafsan soja ne yake zama da saurayi ya yi masa tambayoyi: wace makaranta ka yi, wane wasa kake yi, ka iya hawa doki? Tunaninsu shi ne, wanda ya iya riƙe linzami da sassauci zai iya riƙe sandar tuƙin jirgi. Tunda kuwa 'ya'yan masu hali ne ke da dawaki, kuma su ke zuwa manyan makarantu, sai zaɓen ya karkata gare su. Sakamakon bai yi daɗi ba. Samari da yawa sun mutu a filin koyo tun ba su ga abokin gaba ba, jirage masu tsada suka yi ta ragargajewa.

Asarar ce ta sa aka gayyato likitoci da masana halayyar ɗan Adam. A Faransa, wajen 1916, wasu likitoci biyu, Camus da Nepper, suka riƙa auna saurin da mutum ke motsa hannu idan ya ga haske ko ya ji ƙara. Sukan kuma harba bindiga a bayansa ba zato, su duba bugun zuciyarsa, da numfashinsa, da rawar hannunsa. A Italiya wani malamin coci kuma likita, Agostino Gemelli, wanda babban asibitin nan na birnin Rum ke ɗauke da sunansa, ya yi irin wannan aiki ga sojojin ƙasarsa. Amurkawa kuwa da suka shiga yaƙin a 1917, sun dogara sosai ga wata kujera mai juyawa: a zaunar da mutum a yi ta wulwula shi, sannan a duba yadda idonsa ke rawa da yadda jiri ke sakinsa. Wasu daga cikin waɗannan gwaje-gwaje daga baya an gane ba sa nuna wanda zai iya tuƙi. Amma an riga an ɗauki hanya: a auna mutum da na'ura, a rubuta sakamako da lamba, a bar dogaro da kallon ido kaɗai.

YAƘI NA BIYU DA MA'AUNIN MAKI TARA

Babban ci gaba ya zo ne a Yaƙin Duniya na Biyu. A 1941 rundunar sojan saman Amurka ta ɗauko wani masani mai suna John Flanagan, ta ba shi aikin tsara yadda za a tace dubban ɗaruruwan samarin da ke son tuƙi. Shi da abokan aikinsa suka haɗa jarrabawar takarda, mai lissafi da karanta taswira da fahimtar inji, da kuma jarrabawar na'urori.

Ga yadda shahararriyar cikinsu take. Mutum zai zauna da sanda a hannu da abin takawa a ƙafa, kamar a cikin jirgi. A gabansa akwai layukan fitilu, ja da kore. Na'ura za ta kunna jajaye a wasu wurare, shi kuma ya motsa sanda da ƙafa har korayen su daidaita da su. Da zarar sun daidaita sai sabon tsari ya fito. Yawan waɗanda ya daidaita cikin 'yan mintuna shi ne makinsa. Wata na'urar kuma kamar garmaho take: faifai yana juyawa da ɗan ɗigon ƙarfe a kansa, kai kuma ka bi ɗigon da tsinke kada ka rabu da shi. Akwai wadda sai ka murɗa hannuwa biyu lokaci guda, ɗaya na kai alama hagu da dama, ɗaya gaba da baya.

Duk sakamakon sai a dunƙule shi zuwa maki ɗaya, daga 1 zuwa 9. Da aka bi diddigin ɗalibai sama da 185,000, sai aka ga a cikin masu maki 9, kashi 4 cikin ɗari ne kacal aka sallama a matakin farko na koyon tuƙi. A cikin masu maki 1 kuwa, kashi 77 cikin ɗari ne suka faɗi.

Don a kawar da shakka, a 1943 rundunar ta yi wani abu mai tsada. Ta ɗebi samari sama da 1,000, ta yi musu jarrabawar, sannan ta tura su makarantar tuƙi duka, mai maki da marar maki. Waɗanda suka kammala ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu ba, kuma yawancin masu faɗuwa daga cikin masu ƙananan maki suka fito. Tun daga nan gardama ta ragu a kan ko ana iya gane mai baiwar tuƙi kafin ya taɓa jirgi. Ingila ma a nata ɓangaren ta yi na'urori irin waɗannan da taimakon masana daga jami'ar Kambirij.

IDAN IDO YA FI ƘARFIN MA'AUNI

Samun ma'auni bai hana son zuciya ba. A 1925 wani rahoton kwalejin yaƙi ta sojan Amurka ya yi iƙirarin cewa baƙar fata ba shi da ƙwaƙwalwa da jarumtar da ake bukata a fagen yaƙi na zamani. Bessie Coleman, baƙar mace ta farko da ta sami lasisin tuƙi, sai da ta tsallaka Faransa ta samo shi a 1921, domin makarantun ƙasarta sun ƙi karɓarta. Da aka buɗe wa baƙaƙe ƙofa a garin Tuskegee a 1941, kusan matuƙa 1,000 aka yaye a wurin kafin a rufe shirin, kuma aikin da suka yi a sararin Turai ya ƙaryata wancan rahoto.

Duk da haka kamfanonin fasinja suka ci gaba da rufe ƙofa. A 1957 wani tsohon matuƙin soja baƙar fata, Marlon Green, ya nemi aiki a kamfanin Continental. Aka gayyace shi gwaji, ya yi, kuma ya fi sauran da suka je tare yawan sa'o'in tuƙi. Aka ɗauke su aka bar shi. Shari'a ta kai har Kotun Ƙolin Amurka, wadda ta ba shi gaskiya a 1963, ya fara tuƙa jiragen kamfanin a 1965. Abin lura a nan shi ne, abin da aka rubuta da lamba shi ne ya zama hujjarsa a gaban alƙali. Inda babu ma'auni a rubuce, wanda ba shi da kowa ba shi da abin nunawa.

YADDA KWAMFUTA TA SHIGO

Na'urorin fitilu da faifai suna da matsala. Suna lalacewa, kuma ta wannan gari ba lallai ta auna daidai da ta wancan gari ba. Saboda wahalar kula da su, sojan saman Amurka ya daina amfani da su a 1955, ya koma takarda da fensir. Sai dai takarda ba ta iya auna yadda hannu ke bin ido.

A wannan shekarar ta 1955 ne kamfanin Lufthansa na Jamus ya dawo aiki bayan yaƙi, kuma tun lokacin masana halayyar ɗan Adam da ke birnin Hambug suke tace masa matuƙa. Wannan sashe yanzu yana ƙarƙashin cibiyar binciken sararin samaniya ta Jamus da ake kira DLR, kuma jarrabawarsa ta yi suna wajen tsauri, har wasu kamfanonin waje kamar na Turkiyya sun yi amfani da ita.

Da ƙaramar kwamfuta ta yaɗu a shekarun 1980, sai tsofaffin gwaje-gwajen nan suka dawo cikin sabuwar riga. Fitilun ja da kore suka zama ɗigo a kan allon kwamfuta. Sojan saman Ingila ya mayar da nasa kan kwamfuta a waɗannan shekaru, kuma tun 1992 a Cranwell ake yin su. Sojan saman Amurka ya fara aiki da tasa a 1993, ya sauya ta da wata sabuwa a 2006. Daga soja abin ya bazu zuwa kasuwa, inda kamfanoni masu zaman kansu suka fito da manhajoji irin su PILAPT da COMPASS da ADAPT, suna sayar wa makarantun tuƙi da kamfanonin jirage. Ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ita ma ta fitar da littafin jagora kan yadda ya kamata a tsara wannan gwaji.

Kwamfuta ta kawo abubuwan da garmaho bai iya ba. Tana auna lokaci har ɗan ƙanƙanin ɓangare na daƙiƙa. Tana yi wa kowa tambaya iri ɗaya, ba ta gajiya, ba ta san ɗan wane ba. Wasu manhajojin suna ƙara wahala gwargwadon ƙoƙarinka, har su gano inda ƙarfinka ya tsaya. Mafi muhimmanci, tana iya ɗora wa mutum aiki uku ko huɗu lokaci guda, wanda shi ne ainihin yanayin ɗakin tuƙi.

ME AKE GWADAWA A YAU?

Sunayen manhajoji sun bambanta, amma abin da suke nema kusan ɗaya ne. Za a ba ka sanda ka riƙe wata alama a tsakiyar allo, ita kuma tana ta zillewa. Kana cikin haka murya za ta riƙa karanto lambobi a kunnenka, a ce ka danna maɓalli idan ka ji wata lamba ta maimaitu. Can gefe kuma fitila za ta kunnu, sai ka kashe ta. Ana duba ko za ka manta da ɗaya saboda ɗaya, da kuma ko kana samun sauƙi a zagaye na biyu da na uku, wato saurin koyonka.

Akwai gwajin riƙo: a nuna maka tsayin da za ka hau, da alƙiblar da za ka fuskanta, da lambar rediyo, a ɗauke, a tambaye ka bayan an shagaltar da kai. Akwai na sanin wuri: a nuna agogunan jirgi, ka faɗi ina ya dosa, hawa yake ko sauka, ya karkata dama ko hagu. Akwai lissafin ka, ba kalkuleta. Misali, jirgin da ke cin mil 480 a sa'a yana cin mil 8 a minti, don haka mil 120 zai ɗauke shi minti 15. Wannan lissafi ba na ado ba ne. A watan Yuli 1983 wani jirgin Air Canada ƙirar Boeing 767 ya ƙare da mai a sararin sama, saboda an rikita awon fam da na kilo wajen zuba mai. Ƙwarewar matuƙan ce ta sa suka sauke shi ba inji a wani tsohon filin soja, ba a rasa rai ba.

Sai Turanci. Tun 2008 hukumar sufurin jiragen sama ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ICAO, ta wajabta wa matuƙan da ke ƙetare ƙasashe su kai aƙalla mataki na 4 cikin 6 a harshen.

DARASIN TENERIFE

Har zuwa shekarun 1970, hankalin masu zaɓe yana kan gwanintar mutum ɗaya ne. Ranar 27 ga Maris 1977 ta sauya wannan tunani. A tsibirin Tenerife na ƙasar Sifen, jirage biyu ƙirar Boeing 747, na KLM da na Pan Am, suka yi karo a kan titin tashi cikin hazo, mutum 583 suka mutu. Kyaftin ɗin KLM shi ne shugaban masu horar da matuƙan irin wannan jirgi a kamfaninsa, har hotonsa ake sawa a talla. Ya fara gudun tashi ba tare da cikakken izini ba. Injiniyan da ke zaune bayansa ya tambaya ko ɗaya jirgin ya bar titin, kyaftin ya amsa da ƙarfi cewa ya bari, shi kuma bai sake magana ba.

Bayan wannan da wasu haɗurra makamantansa, hukumar NASA ta kira taro a 1979, daga nan aka fara koyar da matuƙa yadda za su yi aiki tare: babba ya saurara, ƙarami ya faɗi abin da ya gani. Zaɓen ma ya sauya. Shi ya sa a yau bayan kwamfuta akwai tambayoyin hali, da aikin rukuni inda ake ba mutum biyar ko shida matsala a zuba musu ido, da gwaji a na'urar kwaikwayon jirgi. Mai danne kowa yana faɗuwa, mai shiru da gaskiya a bakinsa shi ma yana faɗuwa.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Tarbiyyarmu ta koya wa yaro kada ya katse babba, kada ya haɗa ido da shi, kuma abu ne mai kyau a gida. A ɗakin tuƙi ana bukatar wanda zai ce wa kyaftin, cikin ladabi amma da murya a fili, "Ranka ya daɗe, ba a ba mu izini ba," ya kuma maimaita idan ba a ji shi ba.

INDA KWAMFUTA TA GAZA

Jarrabawar tana nuna wanda zai fi saurin kammala horo, amma ba ta san gaibu ba. Ranar 24 ga Maris 2015, mataimakin matuƙin wani jirgin Germanwings ya kulle kyaftin a waje, ya kifar da jirgin da gangan a tsaunukan Faransa, mutum 150 suka hallaka. Ya bi ta tsauraran matakan zaɓe da horo na Lufthansa. Ciwon damuwa ne ya kama shi, ya kuma ɓoye wa kamfani takardun likita da suka ce kada ya yi aiki. Tarayyar Turai ta yi doka a 2018, wadda ta fara aiki a 2021, cewa dole a yi wa matuƙi binciken halin ƙwaƙwalwa kafin ya fara ɗaukar fasinja, kuma kamfani ya tanadi hanyar da mai damuwa zai nemi taimako ba tare da tsoron kora ba.

Haka kuma ma'auni ba ya amfani idan aka ha'ince shi. Bayan haɗarin jirgin PIA a Karachi a watan Mayu 2020, ministan sufurin jiragen saman Pakistan ya shaida wa majalisa cewa akwai shakka kan lasisin matuƙa 262 cikin 860, ana zargin wasu an zauna musu jarrabawa. Bincike daga baya ya rage adadin, amma Turai ta hana jiragen kamfanin shiga ƙasashenta har sama da shekara huɗu.

Akwai kuma batun sabo. Yaron da ya tashi da kwamfuta a ɗakinsu zai shiga gwajin da natsuwa, wanda bai taɓa riƙe sandar wasan kwamfuta ba zai ɓata mintunan farko yana neman inda zai sa hannu. Na'urar ba ta nuna bambanci, amma hanyar zuwa gabanta ba ɗaya ba ce ga kowa.

MU FA?

Jirgin sama ba baƙo ba ne a wurinmu. Tun 1 ga Nuwamba 1925 jirage uku na sojan saman Ingila da suka taso daga Masar suka sauka a Kano. A 1964 aka kafa kwalejin koyon tuƙin jiragen sama ta Zariya, wadda ta yaye matuƙa daga ƙasashen Afirka da dama, ciki har da Kyaftin Chinyere Kalu, mace ta farko a Najeriya da ta zama matuƙiyar jirgin kasuwanci. Yaranmu na Agege kullum suna ganin jirage na sauka Ikeja ta saman rufinsu. Jarrabawa a kwamfuta ma mun san ta, tunda JAMB ta fara CBT a 2013, ta koma kanta gaba ɗaya a 2015. Bambancin shi ne ta JAMB tana tambayar abin da ka karanta, ta matuƙa kuwa tana duba yadda ƙwaƙwalwarka ke aiki idan an matsa mata.

Ga inda hatsarin yake ga aljihun iyaye. Koyon tuƙi yana cin miliyoyin naira masu yawa, a gida ko a waje. Lasisin kasuwanci yana bukatar sa'o'in tuƙi 150 zuwa 200, na zama cikakken kyaftin ɗin jirgin fasinja kuwa 1,500. Ba kowace makaranta ce ke tace ɗalibi da gaske kafin ta karɓi kuɗinsa ba. Sai a sayar da gida ko shanu, yaro ya dawo da lasisi, ya je neman aiki, kwamfutar kamfani ta tsayar da shi a rana ɗaya. Wasu kamfanonin ma ba sa barin a sake sai bayan watanni ko shekara.

Abin da sojojin 1943 suka kashe dukiya suka gano, mu mun same shi kyauta: a gwada kafin a kashe. Duk mai niyyar tura yaro, ya fara da binciken lafiya na matuƙa mai daraja ta ɗaya a wurin likitan da hukumar NCAA ta amince da shi, domin matsalar ido, kamar rashin bambance launi, ko ta zuciya tana iya rufe ƙofar tun daga farko. Sannan yaro ya zauna gwajin baiwar tuƙi, zai fi kyau a wurin da ba shi ne zai karɓi kuɗin makaranta ba. Idan maki ya yi kyau, a shiga da ƙarfin gwiwa. Idan bai yi ba, fagen yana da faɗi: akwai injiniyan jirgi, da mai tsara tafiyar jirgi, da masanin yanayi, kuma ana neman su.

Ga masu ƙananan yara kuwa, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A dage musu da lissafi da kimiyyar fizis da Turanci, a saba musu da lissafin ka, a bar su su taɓa kwamfuta tun suna firamare, mata da maza. Ƙungiyoyinmu da ke tara kuɗin tallafin karatu su ma za su iya sa wannan gwaji cikin sharuɗɗansu, don tallafin ya faɗa hannun wanda zai kai shi gaci, ko ɗan waye.

Allah ya yi wa zuri'armu albarka, ya sauke matafiyanmu lafiya.